Na'Allah da Teburin Bayan Sito

Na'Allah Ya'akubu mutumin Doma ne, ɗan manomin doya. Ya karanci lantarki da kwamfuta a kwalejin fasaha, ya dawo Lafia ba shi da komai sai akwatin kayan aiki da tsohon babur ɗin wansa. Ba shi da yawan magana. In aka tambaye shi me ya sami inji, sai ya ce, "Bari mu gani tukuna."

A ranin 1995 wata ƙungiyar 'yan kasuwar doya da gishiri ta ɗauke shi ya haɗa mata kwamfutoci. Babbar, wadda suke kira uwa, ita ke riƙe da dukan fayiloli a ofishin shugaba, Alhaji Salmanu. Sauran kuwa ta waya suke ɗebo aiki daga gare ta. Mafi nisa tana bayan sito, a teburin Ngodoo, 'yar Tibi mai buga takardu, wadda ke ɗauke da karatun ƙannenta.

Da damina ta kankama, kwamfutar Ngodoo ta soma daskarewa. Tana neman fayil daga uwa sai allo ya tsaya cak, aikin yini ya salwanta.

"Sista, hannun nan naki sai an kai shi coci," in ji Vincent akawu.

Wasa-wasa maganar ta zauna. Alhaji ya ce in wata ya ƙare a haka, a sallame ta.

Na'Allah ya sake zuba wa injin manhaja, amma injin bai daina daskarewa ba. Ya ɗauko kwamfutar Vincent mai lafiya ya dasa mata, ita ma ta daskare a gaban kowa.

"To, ka gani?" in ji Alhaji. "Kai da kanka ka nuna."

Ranar Na'Allah bai iya cin tuwo ba. Gwajinsa ne ya ƙara tura yarinyar bakin ƙofa.

Washegari ya kama wayar da hannu daga teburinta, ya bi ta har cikin sito. Da rani, lokacin da ya shimfiɗa ta, siton wayam yake. Yanzu buhunan gishirin Keana ne jibge a bango, daidai kan mahaɗin wayar. Ya zaro mahaɗin, ya ga ya yi kore. Ya ɗanɗana a harshe, ya ji gishiri. Gishiri ya jawo laimar damina, ya cinye ƙarfen. Kwamfuta tana kira, amsar uwa ba ta isowa.

Alhaji bai yarda ba. "Kare yarinyar kake yi, Injiniya."

"Ranka ya daɗe, zauna a kujerarta ka danna nan."

Alhaji ya tattara babbar riga ya zauna, ya danna da ɗan yatsa guda. Allo ya tsaya cak.

Ngodoo ce ta yi magana, da Hausarta ta kasuwa: "Alhaji, hannun ka ma bai da kyau?"

Vincent ya fice da gudu, yana toshe baki.

Alhaji ya miƙe. "Gishiri dai ba zai gusa ba, shi ke ciyar da mu. Ka bi da wayarka ta saman rufi." Ya tura wa Ngodoo kujerar. "Ke kuma zauna, aiki ya taru."