Malam Gwadabe da Koren Ƙyalle

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli na shekarar 2025, bayan sallar Azahar, ɗanka Hashim ya kira ni ya ce Allah Ya karɓi abinSa. Na ce daga gare Shi muka zo, gare Shi za mu koma, na ajiye wayar, na ci gaba da ninke yadin da ke hannuna. Sai da na gama na rufe shago. Na bi ka maƙabarta, na zuba ƙasa da hannuna, na dawo na ci abinci. Yau kwana tara ke nan, Malam Gwadabe, ko ɗigon hawaye ban zubar ba. Ba taurin zuciya ba ne. Ban dai ji komai ba tukuna.

Mutanen Jakara sun san ka da gyaran rediyo. Mu 'yan tsirarun da ke haɗuwa duk Lahadi bayan La'asar a filin ƙwallo na wajen Ƙofar Mazugal, da motocin wasa masu rimot muka san ka. Dattawa da furfura muna tseren motar da ba ta fi takalmi girma ba, masu wucewa na yi mana dariya, kai kuwa ko a jikinka.

Kai ka koya mana tsohon rimot, akwatin nan mai sanduna biyu da doguwar eriya. Kowanne da ɗan kiristal a cikinsa, shi ke tsayar masa da tashar da zai yi magana da motarsa. In mutum biyu suka kunna a tasha ɗaya, umarninsu ya cakuɗe, mota ta haukace. Shi ya sa ka ɗaura wa kowa ƙyalle a kan eriya, kowace tasha da launinta, ka kuma kafa doka: ba mai kunnawa sai ya ɗaga murya ya faɗi launinsa, ya jira a amsa. Nawa ja ne. Naka kore, ba wanda yake taɓa shi.

Da sababbin rimot suka shigo, masu kama da bindiga da ɗan sitiyari a gefe, waɗanda kowanne motarsa kaɗai ya sani, ba ka ƙi su ba. Ka gyara su da kyau kamar kowa, har ka fi kowa. Tsiya dai kake yi musu. Kakan ce mini, "Wannan ai marar gaisuwa ne, Malam Ɗahiru. Ya shigo fili ba sallama, ya fita ba sallama."

Ban manta da Sadiƙ ba, wanda injin niƙa ya cinye masa hannun hagu, ya daina zuwa fili. Ka je har gida ka karɓo rimot ɗinsa, ka samo matakin tsohon keken ɗinki na lantarki, ka yi sati uku kana fama da waya da dalma, har ya zama yana ba da wuta da ƙafa, yana juya mota da hannu ɗaya. Ranar da ya wuce ka a tsere, kai ka fi shi murna.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara biyu da suka wuce na sayi wani tsohon rimot a wajen 'yan gwanjo. Ban buɗe shi na duba kiristal ɗin ba. Wata Lahadi kana tsakiyar tsere da jar motar nan da ka haɗa da hannunka, ina bayan jama'a a gindin darbejiya, na ce bari in ga ko batirinsa na aiki. Na kunna ban faɗi launi ba. Bai fi numfashi uku ba. Motarka ta ƙwace da gudu ta daki katanga, ta tarwatse. Na kashe, na tura shi cikin jaka. Da na koma gida na buɗe, na tarar tasharka ce.

Ka tsaya kana duban yatsunka. Ka tambaya, "Akwai wanda ya kunna kore?" Kowa ya ce a'a. Ni ma na ce a'a. Kunya ce ta kama ni, ni da nake yi wa sababbin zuwa faɗa a kan dokar. Ka tsince ɓaraguzan a cikin hularka, ka ce to, tsufa ya zo.

Daga ranar ba ka sake tuƙi ba. Kana zuwa kana zama a benci kana kallonmu, ni kuma kowace Lahadi ina cewa sai mako mai zuwa zan faɗa maka. A zaman makoki Hashim yake gaya mini har gyaran rimot ka daina karɓa, wai hannunka ya fara yi maka gardama, ba ka so ka ɓata kayan mutane. Ya ce da safe kakan miƙa yatsunka kana dubawa ko suna rawa. Na ce masa, "Allah Ya jiƙan Malam." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan.

Da liman ya roƙi jama'a su yafe maka kafin a sallace ka, na amsa tare da kowa. Ba ni da abin da zan yafe. Ni ke neman yafiya, mai bayarwa kuma yana kwance a gabana cikin likkafani.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Uwa, da Hashim, da 'yarka Nana Hauwa, da dukan dangi da abokan fili. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. In kun karanta wannan kuka ga ba za ku iya amsa sallamata ba, ba zan ga laifinku ba, amma zan zo in tsaya a ƙofar gida in faɗa da bakina.

Malam, hannunka lafiyarsa ƙalau har ka koma ga Ubangijinka. Ni ne na kunna.