Fararen Ƙwayoyin Kawu

Haƙori ne ya jawo mini. Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a wata firamare a Kalgo, wani haƙorina na ciki ya kumbura, likita ta rubuta mini kafso, safe da rana da yamma. Ciwon ya kwanta, na yi murna. Rana ta uku ina gaban allo ina koyar da lissafi, sai na ji wuyana na ƙaiƙayi. Na sosa, hannu ya ɗauka, baya ya ɗauka. Kafin a tashi makaranta jikina ya yi rudu-rudu, kamar wadda ta yi birgima a masussuka.

Na koma wurin likitar. Ta tambaya ko leɓena ya kumbura, ko numfashi na yi mini wuya. Na ce a'a.

"To Alhamdu lillahi, Malama. Maganin ne bai karɓe ki ba. Daga yau ki ajiye shi."

Ta canza mini wani, ta haɗa mini da ƙwayar ƙaiƙayi mai sa barci da wani ruwan shafawa mai kama da farar ƙasa. Ta rubuta sunan kafson a kati, ta ce duk asibitin da na je in nuna. Ta kuma ja mini kunne: in na ji zazzaɓi, ko baki ya fara tsagewa, in taho nan take.

Maigidana ya ce in tafi Gwandu wurin Inna, mahaifiyata, in huta kwana biyu. Na shafe jikina fari fat, na hau mota. Inna na ganina ta saki muciya.

"Ke! Mi as same ki haka?"

Kafin in gama bayani ta sa na tuɓe leshin da ke jikina, ta ba ni wani tsohon zanen atamfa da wanki ya yi wa laushi, ta debo ruwan randa mai sanyi ta jiƙa tsumma ta shimfiɗa mini a baya. Ta yanke mini farce kamar jaririya. Ta ce in ƙaiƙayin ya lafa, man kaɗe ne zai gyara fatar.

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Kawu, ƙanen Inna. Tsohon malamin dabbobi ne, ya taɓa zuwa Indiya kwas, ya dawo da wani ɗan akwatin katako cike da ƙananan kwalabe. Kowace kwalba na ɗauke da fararen ƙwayoyi da ba su kai ƙwayar dawa ba. Homiyofati yake kiran abin. Yadda yake faɗa, abin da ke kawo ciwo shi ake ɗauka a surka, a sake surkawa, har ya kusa ɓacewa, sannan ya zama magani.

Ya zauna kan tabarma, ya gyara tabarau, ya buɗe littafi.

"Ɗiyata, ƙaiƙayin nan ya fi tashi in kin ji zafi ko in kin ji sanyi?"

"In na ji zafi, Kawu."

"In kin sosa, daɗi kike ji ko raɗaɗi?"

Daga nan tambayoyin suka bar fata. Gishiri na fi so ko sukari? A wane ɓari nake kwanciya? In raina ya ɓaci aka lallashe ni, sanyi nake ji ko ƙara hawa nake yi? Inna da ke tankaɗe a gefe ta ce, "Wagga ƙara hawa take, ni zan faɗa maka." Kawu ya rubuta. Mun fi awa ɗaya a haka. Gaskiya tun da nake, ba wanda ya taɓa zama ya saurari jikina da halina haka, har na manta da susa.

A ƙarshe ya zaro kwalba ɗaya. Ƙwaya huɗu ƙarƙashin harshe, sau uku a rana, kada hannu ya taɓa su, sai dai a zuba a murfi.

"Amma ji nan," in ji shi, "kada ki bar ko ɗaya cikin abin da likita ta ba ki. Nawa rakiya ce kawai."

Inna ta karɓi ƙwaya ɗaya ta ɗanɗana. "Sukari ne! Indiya ka tahi ka ɗauko muna sukari?"

"Yaya, ba ki gane ba."

"Na gane sarai."

Kwana huɗu ina sha, ina shafa ruwan likita, ina barci kamar mage. Borin jinin ya fara ja da baya, ja ya koma baƙi-baƙi, fata ta fara saɓa. Sai dai na lura kwalbar na sauka fiye da yadda nake sha. Ranar Laraba da hantsi na leƙa ɗakin Inna neman tsintsiya, na same ta zaune bakin gado, ta karkata kwalbar a tafin hannu tana lasa.

"Gwiwa ce ke damuna," ta ce, ko kunya babu. "Na ce bari in gwada sukarin."

Da Kawu ya zo ya ga kwalbar wayam, sai da ya cire tabarau. Maganin ƙaiƙayi, a sha don gwiwa, kuma da hannu! Inna ta ce ai ko gezau gwiwar ba ta yi ba, wannan ya isa shaida. Kawu ya ce shaidar da ta fi ita ce ga ɗiyarta nan ta warke. Inna ta ce ruwan randarta ne.

Da na koma Kalgo na ba likitar labari duka. Ta yi dariya har da share ido. Ta ce a ganinta daina kafson ne ya yi aikin, ita ba ta ga hujjar cewa ƙwayoyin nan na warkarwa ba, amma ta yaba wa Kawu da bai hana ni maganin asibiti ba. Ban kai masa rabin farko na maganar ba. Rabin ƙarshe na faɗa masa ta waya, ya ce a gaishe ta, likita ce mai hankali.