Gyambon Baba Direba

Idan ka tambayi gidan Baba Direba a layinsu, sai an ɗan yi tunani. Amma ka ce mai ƙafar nan, kowa zai nuna maka ƙofar.

Ƙuruciyarsa duk a kan titi ta ƙare, yana jan babbar mota, yau yana nan gobe yana can. 'Ya'yansa sun tashi suna ganinsa kamar baƙon da ke zuwa da tsaraba, ya yi barci, ya wuce. Bai taɓa yin hatsari ba, kuma yakan faɗi haka ko ba a tambaye shi ba. Sai da ya ajiye tuƙi ne salansar babur ɗin maƙwabci ta lashe shi a ƙwauri, ciwon suga ya karɓi aikin daga nan. Ƙuna ta zama gyambo, gyambo ya samu wurin zama.

Ya kuwa riƙe shi da muhimmanci, kamar wanda aka ba muƙami. Kujera mai laushi ta falo ta zama tasa, da ɗan tebur na ɗora ƙafa. Masu zuwa dubiya ba sa tafiya sai sun ji tarihin ciwon tun daga ranar salansa. In wani ya yi kuskuren cewa shi ma kawunsa ya yi irinsa, Baba yakan kalle shi a wulaƙance ya ce, "Na kawunka ƙurji ne."

Matarsa ba ta iya kallon ciwon, 'ya'yansa maza kuma ta waya suke dubiya. Auta ce ta ɗauki wankin. Duk Asabar za ta taso daga ɗaya gefen gari, ta ajiye jakarta, ta zauna a ƙasa da roba da ruwan ɗumi da auduga. Ta sunkuya a kan ƙafa, shi ya kalli silin. "A hankali mana." "Yi haƙuri, Baba." Iyakar hirarsu ke nan, shekara da shekaru. Amma tun ranar Juma'a yake sa a yi masa aski, kuma duk wanda ya san shi ya san Asabar ɗin nan ita ce ke riƙe da shi.

Ana nan sai asibiti ta kawo sabon abu. Likitar ƙafa, wata mai fara'a da magana da sauri, ta nuna masa wani ɗan falle fari, siriri kamar bawon albasa. Ta ce da siliki aka yi shi, zaren da tsutsa ke saƙawa. Ana dafa shi a cire danƙonsa, a shimfiɗa a kan ciwo, sabon nama ya riƙa binsa yana hawa har bakin ya haɗe.

"Tsutsa?" in ji Baba. "Likita, shekara nawa muna hana tsutsa shiga ƙafar nan, yau ke ce za ki saka min yawunta da hannunki?"

Ta yi dariya. Sannan ta faɗi abin da ya fi tsutsar tayar masa da hankali: ba a buɗewa a gida. Nas ce kawai za ta riƙa dubawa. "Kin huta," ta ce wa Auta. Auta ta yi godiya. Baba ya ji godiyar nan har cikin ransa.

Asabar ta farko Auta ta zo hannu rabbana, ta gaishe shi, ta rasa abin yi, ta shige kicin wurin uwarta. Ta biyu ta bugo waya. Ta uku ma waya.

Sai Baba ya ɗaura yaƙi da siliki. Mutumin da ko kofin ruwa sai an miƙo masa ya fara zagaye layi da ƙafa, wai motsa jini. Ya jiƙa bandejin a banɗaki ya ce santsi ne. Ya gaya wa masu dubiya cewa gwaji ake yi da su kamar ɓeraye. Duk a banza. Nas ta sauya fallen, ta yaba masa da tattakin da yake yi, ta ce shi ya sa sugansa ya sauka. Ciwon da ya gagari kowa ya riƙa tsukewa a idonsa, ba kunya ba tsoro, har ranar da likita ta tara ɗalibanta suka ɗauki hoton ƙwaurinsa suna tafi. A duk ɗakin shi kaɗai ne bai yi murna ba.

Bai faɗa wa kowa a gida cewa ƙafar ta warke ba. Ya biya kantin magani ya sayi bandeji, ya naɗe ƙafar da ta warke da kansa, ya ƙara ɗingishi. Sannan ya sa matarsa ta kira Auta ta ce abin ya dawo, asibiti sun ce a ci gaba da wanki a gida.

Ta iso a firgice, ko numfashi ba ta mayar ba ta zauna a ƙasa. Ta warware naɗin, wanda kallo ɗaya ya isa a gane ba hannun nas ba ne. Fata ce sabuwa, sumul, tana ɗan sheƙi. Ta daɗe tana kallonta. Shi kuma ya kafa wa silin ido, kunya ta rufe shi.

"Baba, ta warke."

"Tana zugi," ya ce. "Su likitocin nan waje kawai suke gani."

Ba ta yi musu ba. Ta nannaɗe bandejin ta tura ƙarƙashin tebur, ta zubar da ruwan ɗumin. Ya zaci jakarta za ta ɗauka. Sai ta jawo kujerar baƙi ta zauna daidai fuskarsa, ta harɗe hannu tana jira.

Ya sauko da idonsa. Ashe har ta fara furfura a gefen goshi. Ya yi gyaran murya, ya laluba ko'ina a kansa ya rasa ta inda ake farawa.

"Auta," ya ce, "wai aikin me kike yi ne a wurin nan naku?"