Malam Sanda da Jakarsa Guda Ɗaya

Duk wanda ya taɓa miƙa wa marigayi Malam Sanda wani abu a garin nan na Greensboro, inda muke zaman ƙetare, ya san abin da zai biyo baya. Ba ya duba kyan abu. Ɗora shi zai yi a tafin hannu, ya ɗan jijjiga, ya kanne ido ɗaya, sannan ya yanke hukunci: "Nauyi ne." Ranar sunan jikata, da aka miƙa masa jaririyar ya yi mata addu'a, sai da ya jijjiga ta haka kafin ya ce bismilla. Shekarun da ya yi yana lodin kaya a manyan motoci ne suka bar masa wannan hali, amma kayan kurme ne suka mayar da shi ciwo.

Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta. Da ya ajiye aiki, mu sa'anninsa muka koma zaman hira bayan La'asar, shi kuwa ya tafi koyon nutso irin na Turawa, wanda ake goya tukunyar iska a baya. Cewa ya yi ya gama ƙuruciya a saman ruwa, ba zai mutu bai ga abin da ke ƙasa ba. Ya sayi kayan na hannu: baƙar rigar roba mai rufe jiki duka, da falmaran mai ɗaukar iska, da tiyon numfashi, da gilashin fuska, da wasu faka-fakan takalma da yake kira ƙafar agwagwa. Ranar da ya fara shanya rigar a barandarsa ta unguwar Glenwood, wata ɗaliba maƙwabciyarsa ta hango baƙin mutum ba kai yana lilo a iska, ta kurma ihu. Ya fito da buta a hannu, ya ce mata ta kwantar da hankali, mai rigar yana nan da ransa.

Burinsa ɗaya ne: ya yi watanni yana bin bakin teku, ƙasa bayan ƙasa, yana kwana a masauki mai araha, yana kurme. Likita kuma ya gaya masa in zai yi, to bana ne, domin ƙirjin nan ba zai jira shi ba. Tikitin da ya saya na masu ƙaramin ƙarfi ne, jaka ɗaya tak aka yarda masa, mai iyakar nauyi. Maganar biyan kuɗin jaka ta biyu kuwa, gara ka zage shi.

Sai ya ɗauko sikelin banɗaki ya kafa a tsakiyar falo. Ya cusa safa da singileti cikin ƙafar agwagwa. Ya naɗe tiyon numfashi a dardumar salla. Ya yanke wa buroshin haƙori rabin mariƙi, daga baya ya jefar da shi ya ɗauki asuwaki. Rigimar da ta fi tsawo ta tukunyar iska ce. 'Yarsa Zainab ta yi ta gaya masa da Turanci cewa ba a tafiya da ita, haya ake yi a can. Shi kuma yana amsa mata da Hausa cewa bai ga dalilin da zai sayi iskar da Allah ya ba shi kyauta ba. Sai da ta ɗora tukunyar a tafin hannunsa. Ya jijjiga, ya mayar da ita bayan ƙofa.

Jaka ta rufu daidai, ko cokali ba za ta ƙara ɗauka ba. Sannan ya yi kuskuren da ɗan gida bai kamata ya yi ba. Bayan sallar Juma'a, yana sallama da jama'a, ya ce in Allah ya yarda daga ƙarshen tafiyar zai biya ta gida.

Kun san mu. Kafin Magariba motoci sun cika layinsa. Babu wanda ya ji "watanni", babu wanda ya ji "teku". "Gida" kawai muka ji. Wannan ya kawo maganin ciwon gwiwa, wancan takalman yara, wani waya. Hajiya Mariyama ta Damagaram ta kawo man shafawa kwalba-kwalba, tana cewa ɗan kado ne, wato tsaraba, ko nauyi babu. Ni ma, Allah ya yafe mini, na je da bilanda ta niƙan kayan miya, a kai wa ƙanwata a Fagge.

Ya ɗora ta a hannu. Na jira kalmar nan tasa, bai faɗa ba. Zainab ta ce ya mayar wa kowa kayansa, in ba haka ba sai dai ya bar kayan kurmen. Ya ce mata, shekarun da bai da takardun fita, su wa suka riƙa kai wa kakarta magani har ta rasu? Waɗannan mutanen ne. Ba zai dubi idonsu ya ce jaka ta cika ba.

"To Baba, ka fasa nutson?"

"Jaka suka ce za su auna. Akwai wanda ya ce zai auna ni?"

Ni na kai shi filin jirgi, Zainab na biye da mu, ana tsakiyar zafin bazara. Ya fito daga gida cikin babbar riga, ya yi ƙiba a dare ɗaya, hannuwa a buɗe kamar mai ƙurji a hammata. Rigar roba ce a ciki, falmaran a kanta, gilashi a wuya, ƙafar agwagwa a hannu cikin ledar kanti. Duk takun da ya yi sai ka ji ƙiii. Kafin mu kai rabin hanya gumi ya taru masa a ciki, yana motsi kana jin ruwa. Na ce Malam, ai ka fara kurmen tun daga motata. Ya ce in kula da tuƙina, Bakano bai san komai a kan ruwa ba sai na leda.

Muna isa ya ce zai kama ruwa. Zif ɗin rigar a baya yake, kuma ya cije. Haka muka shiga banɗaki, tsofaffi biyu, na yaye masa babbar riga har ka, na dafa bango da ƙafa ina ja, yana cewa in yi a hankali, rigar ta fi ni tsada. Wani Bature ya shigo, ya dube mu, ya ce mu yi haƙuri, ya koma.

A wurin bincike ma'aikaciyar ta shafa ƙirjinsa, ta tambaye shi me ya sa ya saka wannan. Ya fara bayanin cewa ai jirgin ta saman teku zai bi, kuma mutum ba ya sanin... Zainab ta daka masa "Baba!" daga bayan igiya. Ya gyara murya, ya ce sanyin jirgi ne ba ya so. Suka tuɓe shi, suka duba, suka mayar masa. Jakar kuwa ta hau sikeli ta wuce lafiya.

Ya yi tafiyarsa. Bilandata ta kwana a masaukai da ni ban taɓa jin sunan ƙasashensu ba. Kowane saƙo ya isa hannun mai shi. Ƙanwata ta bugo waya tana godiya, sai dai ta ce miyar farko ta yi ƙarnin kifi, kuma akwai yashi.

Da ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, muka taru muna tambayar me ya gani a ƙasan. Ya ba da labarin kifaye masu launi kamar atamfa, da kunkurun da ya tsaya yana kallonsa kamar ya san shi. Na ce to me ya fi daɗi? Ya ce shirun.

"Alhaji, na yi ta dubawa. Babu ko mutum ɗaya da ya biyo ni da leda ya ce in kai Kano."

Bai sake shiga ruwa ba. Lokacin sanyin da ya biyo baya ciwon ƙirjin ya tashi, aka kwantar da shi, bai tashi ba.

Ya Allah, bawanka Sanda ya ɗauki kayanmu bai ce mana uffan ba. Ka sauke masa nasa, ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa. Amin.