Alawar da ta ƙi daskarewa a Jidda

Shekarun baya, tun kafin wayar hannu ta shigo, ina aiki a wani ƙaramin gidan abinci a Sharafiyya, cikin Jidda. Da wanke-wanke na fara, a hankali na matsa gaban tukunya, har ta kai ni ke dafa shinkafar kabsa da ake sayarwa da rana. Mai gidan abincin shi ne kafilina, da sunansa iƙamata take, wato takardar izinin zamana a ƙasar. Wata safiya ya ja ni gefe ya ce ya sayar da wurin, za a mayar da shi shagon tayoyi. Ya ba ni wata guda in nemo wanda zai karɓi kafalata, in ban samu ba sai ya yi mini takardar fita. Ba mugu ba ne, har haƙuri ya yi ta ba ni. Sai dai a lokacin matata tana da ciki wata bakwai, ita kuma haihuwar Jidda ce, ba ta taɓa taka Najeriya ba.

Mako biyu na yi ina yawo daga wannan gidan abinci zuwa wancan, kowa ya ce in dawo bayan Hajji. Ana nan sai wani abokina, direba a wani kamfanin gine-gine, ya zo mini da labari. Wani Ba'amurke injiniya a kamfaninsu yana neman kuku a gidansa, kuma kamfanin ne zai yi duk takardun.

Abokin nawa ne ya kai ni, shi ne kuma tafintanmu, don ni Turancina bai wuce gaisuwa ba. Matar gidan ce ta yi mini tambayoyi a kicin. Gashin kaza? Na ce na iya. Miyar kayan lambu? Na iya. Burodi? Na iya. Bakina ya riga ya kama hanya, tun kafin abokina ya gama fassara nake cewa na iya. Can sai ta buɗe firiza ta ciro wata leda cike da wasu 'ya'yan itace masu ruwan ƙasa, dogaye-dogaye, masu tsaga a baya. Ta ce sunansu fikan. Ta tambaye ni ko na iya yin firalin.

Na ce na iya.

Matar nan har tafi ta yi don murna. Ta ce in yi gwajin mako guda, ranar Alhamis suna da baƙi, ran nan zan yi firalin ɗin. Ta ƙara da cewa wannan ledar ita ce ta ƙarshe, mahaifiyarta ce ta aiko mata daga ƙasarsu, ba a samun irinta a kasuwar Jidda. Ta miƙo mini wani ɗan kati da rubutun hannu a jiki, na karɓa na dudduba ina gyaɗa kai kamar wani babban masani.

Muna shiga mota abokina ya juyo ya dube ni.

"Mutumina, mene ne firalin?"

Na ce, "Ai kai nake jira ka gaya mini."

Ya kifa kansa a sitiyari ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama ya karɓi katin ya karanta mini: farin sukari, jan sukari, madarar gwangwani, bota, ɗan gishiri, sai 'ya'yan fikan ɗin. A tafasa, a sauke, a buga, a ɗiɗɗiga da cokali a kan takarda. Nan take hankalina ya kwanta. Na ce ashe alawa ce! Ni da na ciyar da rabin leburorin Sharafiyya, alawa ce za ta gagare ni?

Washegari bayan na taso daga gidan Baturen na tsaya a baƙala, wato kantin unguwa, na sayi sukari da madara da gyaɗa, don in gwada hannuna a ɗakinmu ba tare da na taɓa fikan ɗin matar ba. Ta farko ta ƙone, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki har matata ta gudu waje tana tari. Ta biyu ta yi kyau a ido, na ɗiɗɗiga ta a faranti na zauna jira. Awa biyu ta wuce tana nan kamar kunu, in ka taɓa ta bi yatsanka. Ta uku kuwa a cikin tukunya ta ƙandare ta zama tsakuwa, sai da na sa guduma. Da farko matata dariya take yi, amma a ta ukun nan na ga ta daina, tana kallon tukunyar, hannunta a kan cikinta.

Ta ce, "Ka je wurin Gwaggo."

Gwaggon nan yayar mahaifina ce. Tun tana matashiya ta zo aikin Hajji da mijinta, suka zauna, ya rasu, ita ta ci gaba da zama a wani ɗan gida a Waziriyya. Alawar madara da kantu take yi, matan unguwa suna ba ta aikin biki da suna. Gaskiya ban cika zuwa wurinta ba, daga Sallah sai Sallah. Da kunya na shiga gidan, ɗauke da farantin alawata mai kama da kunu.

Bayan mun gaisa ta ɗage murfin ta leƙa.

"Wannan yi ka yi, ko ɓari ya yi maka?"

Na kwashe labari duka na gaya mata. Na miƙa mata katin, ta ture shi gefe ta ce ita ba ta cin takarda. Ta lakaci kunun nan ta ɗanɗana, ta tambaye ni abin da ke ciki, sannan ta ce, "To ai alawar madara ce aka zuba wa ƙwaya. Yalla, ɗauko mini tukunyar can mai nauyin gindi."

Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ni ina tsaye gaban risho, tana ba ni umarni kamar sabon ɗan koyo. Wuta kaɗan. Juya, kada ka tsaya. Kada ka kankaro abin da ya manne a gefen tukunya. Da ruwan sukarin ya fara kauri sai ta sa na kawo kofin ruwan sanyi, na ɗiga kaɗan a ciki. Ta ce in sa yatsu in murza. Na farko ya narke ya bi ruwa. Na biyu ya taru amma ya baje. A na uku ya dunƙule a tsakanin yatsuna, da laushi.

"Taɓa fatar kunnenka," in ji ta. "Ka ji? In ya yi wannan laushin, halas, sauke."

Ta ce abin da ya ci ni a tawa ta biyu ruɗuba ce, wannan danshin teku da ke cika iskar Jidda har riga ta manne maka a baya. "Sukari shan iska yake yi, ya waladi. Ranar da ka ga gilashin taga yana gumi, ka rufe ko'ina, ka ƙara mata ɗan lokaci a wuta. In ba haka ba ka kwana jira." Sannan ta koya mini bugu. A yi ta bugawa da cokalin katako, ido a cikin tukunya, da zarar ta daina ƙyalli sai a yi maza a kwashe. In mutum ya yi sake ta ƙandare, cokali ɗaya na tafasasshen ruwa zai sake ta.

Sau huɗu ta sa na yi a yinin nan, har aka kira magariba. Kafaɗata kamar za ta cire. Da zan tafi ta riƙe hannun rigata.

"Ka gaya wa matar nan gaskiya."

Na ce, "Gwaggo, sai bayan an sa hannu."

Ta ce, "Allah Ya shirye ka."

Ranar Alhamis na tashi na tarar da garin kamar an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo. Tagogin gidan Baturen duk sun yi gumi. Na rufe ƙofar kicin, na ƙure na'urar sanyaya ɗaki, na ɗora buta a gefe don ruwan zafi. Na soya fikan ɗin sama-sama, ƙamshi ya tashi. Ɗaya na ɗauka na jefa a baki, don dai in san abin da zai kore ni daga Jidda. Maiƙo gare shi kamar man shanu, gyaɗa ba ta kama ƙafarsa ba.

Na yi bisimilla na ɗora tukunya. Komai ya tafi yadda aka koya mini. Na ɗiga a ruwan sanyi, na murza, na taɓa kunnena, na ƙara ɗan lokaci saboda danshi, na sauke. Na zuba bota da fikan ɗin duka, na fara bugu.

Daidai nan matar gidan ta turo ƙofa, abokina yana biye da ita da ledojin cefane. Ta hau yi mini tambaya a kan kajin da za a gasa, guda nawa, da ƙarfe nawa. Na juya ina sauraron fassara, na ba da amsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Da na mai da ido cikin tukunya, cokalin ya tsaya cak a tsakiya kamar an dasa shi. Alawar ta ƙandare da fikan ɗin mutane gaba ɗaya a cikinta.

Wallahi a wannan lokacin sai da na hango kaina a filin jirgi da akwati. Gumi ya karyo mini duk da sanyin ɗakin. Na fizgo butar nan, na zuba cokali ɗaya na juya da ƙarfi. Ba ta motsa ba. Na ƙara na biyu, na mayar da tukunyar kan wuta na ɗan lokaci, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A hankali na ji cokalin ya fara tafiya. Ban tsaya wata-wata ba, na shiga kwasa ina ɗiɗɗigawa a kan takarda, wasu manya, wasu ƙanana, wasu ko siffa babu.

Rabin awar da muka yi muna jira, ban taɓa ganin mai tsawonta ba. Na wanke tukunyar da take a wanke, na goge teburin da ba shi da datti. Daga ƙarshe ta zo ta sa yatsa ta ɗaga ɗaya. Ta taso daga takardar tsaf, ba ta manne ba. Ta karya, ta sa a baki, ta rufe ido. Da ta buɗe sai na ga ƙwalla.

Ta yi magana mai tsawo, abokina ya fassara. Ashe tun zuwanta Jidda sau uku tana gwadawa, ko sau ɗaya bai daskare mata ba. Leda biyu ta yi asara. Har ta fara tunanin ko ta mance hannun mahaifiyarta ne, shi ya sa ta kasa taɓa ta ƙarshen.

Ganin hawayenta sai na ji ƙaryar ta yi mini nauyi. Na ce wa abokina ya gaya mata ban taɓa jin ko sunan abin nan ba sai a bakinta, wata gwaggona ce ta koya mini da gyaɗa. Ya zaro ido ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ya faɗa kawai.

Matar ta fashe da dariya. Ta ce ai ta sani tun ranar farko, don a kife na riƙe katin ina gyaɗa kai. Ta ce ta bar ni ne don ta ga ko mutumin da ya yi wannan ƙarfin halin zai je ya nemo yadda ake yi. Maganar aiki kuwa, tun ranar Talata mijinta ya sa hannu a takardun, bayan ya ci kabsar da na dafa musu. Ta ɗauka ma an gaya mini.

Na juya na dubi abokina. Ya sosa ƙeya ya ce shi ya kai takardun ofis da hannunsa, amma a rufe suke cikin ambulan, bai san na wane ne ba.

Na zauna a kan kwalin ruwa da ke bayan ƙofa. Dariya kawai nake yi. Ban san nauyin da na ɗauka a makonnin nan ba sai da aka sauke mini shi.

Shekara shida na yi a gidan nan. A Jidda aka haifi 'yata, aka yi suna, Gwaggo ce ta yi alawar da aka raba. Guda uku daga firalin ɗin ranar Alhamis ɗin nan na kai mata a takarda. Ta gutsura ta daɗe tana taunawa, ta ce sukari ya yi yawa, amma ba laifi.

Har yau in na tuna, sai in ji wata irin iska ta ratsa ƙirjina. Na yi kwanaki ina fargabar abin da Allah Ya riga Ya gama, ina faɗa da tukunya alhali takarduna suna can a ofis an buga musu hatimi. Yanzu in wani abu ya tsaya mini a wuya, nakan yi iya ƙoƙarina, sannan in tuna cewa ba duk abin da ke gudana a kan lamarina nake gani ba.

Akwai kuma abin da ban gano ba sai daga baya. Wata Juma'a muna hira da Gwaggo, na ce mata lallai kaina da tauri, tun da sai da na yi sau huɗu kafin na iya. Ta dube ni ta taɓe baki.

"Tun a ta biyu ka iya. In na ce ka iya ai tashi za ka yi ka tafi, sai kuma wata Sallar."

Daga ran nan ban ƙara barin Juma'a ta wuce ban je Waziriyya ba, har Allah Ya karɓi abarsa.