Ƙafar Bahago

Wata Alhamis bayan girbin gero, a shekarar 1972 da aka koma tuƙi a dama, na tsaya a fakon bayan garin Gumel ina kallon ƙanena zaune a gaban mota kusa da kawunmu, ni kuwa ina ƙasa riƙe da takalmansa. In kasuwar Maigatari ta tashi, a nan direbobi kan jera a-kori-kura biyu, a ja layi da ƙafa, a nuna wata kuka can gaba, wanda ya fara isa shi ne gwani. Tseren gajere ne, duk a tashin farko ake cinsa. Kawu Ila, ƙanen mahaifiyarmu, ya danna kuloci, ya ba ta wuta har injin ya yi kuka, aka jefa hula ƙasa alamar tashi, ya saki motar, sai ga shi ya bar abokin karawarsa yana haƙa rami da taya. Mutane suna ihu, ni ina tsaye rungume da takalman.

Ni ne fa mai son mota a gidanmu. Ni nake ƙera ta da karan dawa, ni nake kwaikwayon canjin giya da baki a hanyar rijiya har jaki ya tsorata. In Kawu ya dawo daga Gagarawa Tasha, ni nake wanke tayoyin ba wanda ya sa ni. Ƙanena Sale kuwa tantabarunsa kawai ya sani. Bahago muke ce masa, don da hagu yake komai. Inna ta sha buge masa hannu a kan akushi, malam ya sha zane shi a aji, ni ma in na ga ya miƙa wa babba abu da hagu, da gudu nake kai ƙara.

Tun kafin Alhamis ɗin nan, da Kawu ya ce zai gwada mu, wanda ya iya tayar da mota ya zama ɗan gabansa ya koya masa tuƙi, ban ko damu ba. Na hau na zauna kamar gadon ubana. Motar tsohuwa ce, sitiyarinta a dama, giya a hannun hagu, kuloci a ƙafar hagu. Hannun da aka raine ni ina ƙyamarsa ya ƙi nemo giya. Da ƙyar ta shiga, na ɗage ƙafa gaba ɗaya, motar ta yi tsalle kamar akuya ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Sale ya tuɓe takalmi ya hau, yana leƙen hanya ta cikin sitiyari. Ya ɗago ƙafar nan a hankali har motar ta fara rawa, ya riƙe ta a nan, ya ƙara wuta, ta tafi sumul.

"Kai, ɗan nan!" in ji Kawu. "Hagun da kuke duka, ashe ita mota take nema."

Na yi ƙyashi, ba zan ɓoye ba. Na daina yi masa magana, na koma cin tuwo da hagu a ɓoye ko tawa za ta waye, Inna ta kama ni ta ce, "Ɗaya bai ishe ni ba?" Abin da ya fi ƙona ni, Sale bai taɓa yi mini gori ba. In ya dawo, rakensa ma yake raba mini.

Sale ya tsufa a kan sitiyari, tsakanin Gumel da Damagaram. Fakon nan yanzu gidaje ne, kukar ma an sare. Motar da nake hawa ba ta da kuloci, kowa ya taka ta tafi. Amma ran nan da na ɗauko shi, muna tsaye a mahaɗa, na ga ƙafarsa ta hagu tana ɗagowa a hankali daga kan tabarmar mota, tana neman abin da babu. Wallahi har yau ina ƙyashin ƙafar nan.