Takalman da Suka Zo daga Ingila

Ranar wata Laraba cikin daminar 1956 aka sauke akwatin katako a gindin ɗorawar makarantarmu, muka yi masa zobe. Malaminmu Bature, wanda muke kira Mai Lofe, shi ya ɓalle murfin da kansa. Takalman ƙwallo ne na mutum goma sha ɗaya, tsofaffi, kyauta daga kulob ɗin garinsu a Ingila.

Wannan kulob mun san shi fiye da dangin iyayenmu. Ƙarami ne, bai taɓa wuce rukuni na uku ba, amma Mai Lofe ya sa mun haddace tarihinsa kamar karatun allo. Masu haƙar kwal ne suka kafa shi, filinsu duk taɓo, golansu kuwa mahauci ne da ya taɓa ƙarasa wasa da karyayyen yatsa. Ni ne golan makarantarmu, don haka mahaucin nan shi ne gwanina. Shekara biyu ina tsaron gida ba takalmi. Kafin in zo fili sai na yanko wa awakin Inna ciyawa a bayan ganuwar Ƙofar Kuyambana, na taya Baba noman dawa, na cika randuna. Ƙafafuna sun baje kamar faifai, duk faso.

Mai Lofe ya ce ranar Asabar mai hoto zai zo, za a aika hotonmu Ingila a rataye shi kusa da na mahaucin. Sharaɗi ɗaya ne, kowa ya sa takalmi. Na gwada su kaf, babu wanda ya shige ni. Kwana uku ina satar man shanun Kaka ina murza ƙafa, har ta kama ni ta ce, "Ɗan nan, ƙafar noma Allah ya ba ka, mai ba ya rage ta." Ranar Asabar na danna ƙafa cikin takalmi har farcena ya tsage, jini ya zubo, dunduniya dai tana waje.

Mai Lofe ya dube ni sau ɗaya, ya yafito Sani ɗan akawu, yaron da in ƙwallo ta nufo shi runtse ido yake yi. Aka tuɓe mini rigar gola, wadda na wanke da sabulun salo, aka sa masa, aka ɗora masa ƙwallo a cinya. Na ce, "Malam, ai ni ne gola." Ya ce, "Hoto ne kawai, Garba." Har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake yi. Mutumin da ya cika mana kunne da labarin talakawan da suka kafa kulob da guminsu, shi ne ya zaɓi 'yan wasa da awon ƙafa. Abokan wasana goma kuma, waɗanda na sha fitarwa kunya, sai suka jera abinsu a gaban mai hoto.

Yanzu takalman ƙwallo tuli ne a kasuwar gwanjo, kowace ƙafa da nata, jikokina ma sai sun zaɓi launi. Bara wani tsohon ɗan ajinmu ya kawo mini hoton, an rubuta sunan Sani a matsayin gola. Sani ya rasu, Allah ya jiƙansa, ba laifinsa ba ne. Ƙaramin jikana ya ƙura wa fuskokin ido ya ce, "Kaka, wanne ne kai?" Na ɗora yatsa a bakin takardar, inda hoton ya ƙare. Nan nake tsaye, ba riga, ƙafata tana jini.